Ranar da Don Nibaldo Ya Ɗaura Sarƙa a Gaba

Shekara goma sha tara ina suya a kwana ta biyar ta hanyar da ke hawa dutse, kuma duk shekarun nan Don Nibaldo yana durƙushe a gaban teburina yana ɗaura wa masu kuɗin Santiago sarƙa a taya. Nan kwalta take fara santsi, nan 'yan sanda suke tare kowa: ba sarƙa, ba hawa. Daga wurinmu zuwa Piedra Helada, garin da suke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, akwai sauran kwana talatin da uku, kowace da raminta mai zurfi a gefe. Mu ko sunan garin ba ma kira, "sama" kawai muke cewa.

Sunana Fresia. Kofi nake sayarwa da wainar kabewa mai zafi. Ni na riƙe 'yarsa ta fari ranar baftisma, shi ya sa yake ce mini comadre. Ni kuwa in muna shiri in ce compadre, in ya ɓata mini rai in ce tsoho. Tsohon ya fi yawa.

Kafin sarƙa, alfadarai yake kora. Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗora shi a kan alfadari, suka dinga ratsa duwatsun nan da buhunan gawayi da cuku. Da aka yi hanya, masu otal suka zo, alfadari ya koma abin ɗaukar hoto, sai ya sauko ya koyi aikin sarƙa. Abu ɗaya ya taho da shi daga tsohuwar sana'a, ƙullin kaya. Sauran masu sarƙa ƙugiyar kanti suke sa wa, shi kuwa tsohon tub na taya yake yankawa zara-zara, ya ɗaure bakin sarƙar da shi, ƙulli biyu sannan ya soke jelar a ciki. Yatsunsa sun karkace sun yi kirci kamar tsohon reshen inabi. Ba ya sa safar hannu, wai hannun da ke cikin riga ƙarya yake yi.

Kuma bai taɓa yarda da bakin mai mota ba. Ka tambayi mutum, "Wace taya ke jan motarka, ta gaba ko ta baya?" sai ya ce maka "gaba" da ƙarfin hali, alhali bai taɓa buɗe bonet ɗinta ba. Don haka akwai wani ɗan fili mai ƙanƙara gefen rumfarsa, sai ya sa ka hau kai, ya ce ɗan taka totur, ya ga tayar da za ta yi juyin banza. Ita ke shan sarƙa. In motar da baya ke ja aka ɗaura mata a gaba, da safe tana iya lallaɓawa ta hau, don motar da ke watsa gishiri ya narkar da ƙanƙara ta riga ta wuce. Amma da yamma, in ruwan da ya narke ya sake daskarewa, tana gangara ka taɓa birki a kwana, gaba zai tsaya, baya ya wuce shi. Sau biyu muka ga haka. Ƙananan gicciye guda uku da ke kwana ta ashirin da biyu, na ɗaya daga cikinsu ne.

Ranar da nake ba ku labari Asabar ce, tsakiyar Yuli, lokacin sanyinmu ke nan, yara na hutun hunturu. An kwana ana zuba dusar ƙanƙara, gari ya waye tangararan, rana na dukan farin nan har ido ya yi ruwa. Layin motoci ya kai gadar ƙasa. Asabar da Lahadi hanyar ɗaya ce: a hau daga safe zuwa ƙarfe ɗaya, a rufe, sai ƙarfe huɗu a buɗe wa masu saukowa. Kowa na hon, kowa na ganin shi ya fi kowa sauri. Ni ko ɗaga kai ban samu yi ba, mai na ta fallatsa mini a hannu.

Wajen sha biyu da rabi layi ya yi sauƙi. Wata doguwar mota mai dogon hanci ta tsaya, Segundo, ƙanin matar Don Nibaldo da suke aiki tare, ya hau da ita kan ƙanƙara. Tayar baya ta yi fiii, ta watso mini ruwa har kan tebur. Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga Don Nibaldo ya ajiye kofin da na ba shi. Ya tafi a hankali, ya durƙusa, ya shafa ƙarfen tayar da hannu. Ya daɗe a haka.

"Segundo, baya ke janta?"

"Ba ka gani ba? Har comadre ta sha wanka."

"Irinta na ɗaura wa da safe," in ji shi. "A gaba na ɗaura."

Segundo ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Rufa mana asiri, yaya. Wa ya sani? In ɗan sanda ya ji, katin aikinka ya tafi, nawa ma ya bi shi. Ƙila ma mai motar ya kwana a sama."

"Da yara biyu a baya. Na ji muryarsu."

Ya wuce kai tsaye wurin ɗan sandan da ke bakin shinge, ina binsa da ludayi a hannu. Ɗan sanda ya ciro rediyonsa ya ce, "Lambar motar?" Babu. "Sunan mai ita?" Babu, sarƙa haya ce, a dawo da ita da yamma, ba wanda ke rubuta suna. "Launi?" Don Nibaldo ya ɗan yi jim, ya ce toka. Ɗan sanda ya mayar da rediyo aljihu. "Baba, mota dubu biyu ta hau yau, rabinsu toka ne. Me zan ce wa na sama?"

Saura minti goma a rufe hanya. Motar gas ce ta ƙarshe, direbanta yana cin wainata bashi tun bara, da yabo kawai yake biya, don haka da na ɗaga masa hannu ya tsaya. Don Nibaldo ya riga ya kama ƙofa. Na kashe wuta, na ce wa Segundo in ya bar kare ya taɓa mini ƙullu sai na soya shi. Ban san me ya sa na hau ba. Na dai ga yadda tsohon ya lalubi marfin ƙofar sau biyu kafin ya kama, raina bai kwanta ba.

A kowace kwana sai Don Nibaldo ya ce, "Comadre, dubi gefe, bangon dusar lafiya yake?" In ce lafiya. A ta ashirin da biyu ya yi alamar gicciye, ni ma na yi.

Shekara sha tara ina ƙarƙashin garin nan, sau biyu na taɓa shigarsa. Kai, jama'a! Gidajen katako da dutse, gilas daga ƙasa har rufi, hayaƙin itace na tashi, ƙamshin narkakken cuku ko'ina. Mutane sun sha riguna ja da ruwan ɗorawa, sun toshe fuska da manyan tabarau, suna tafiya a cikin takalman roba masu tauri kamar agwagi. Kujeru na yawo a kan waya suna kai su ƙololuwa. Na ga kare sanye da rigar sanyi wadda ta fi tawa. Mu kuwa ga mu, shi da rigar aiki baƙa ƙirin da bakin mai, ni da ƙyallen da nake ɗaurawa a gaba mai warin suya. Ba wanda ya harare mu ma, wallahi da harara ce da ta fi. Ratsa mu kawai suke yi da ido.

Ƙarfe biyu saura muka fara da babban filin ajiye motoci. Layi-layi, toka bayan toka. In na ga doguwa mai dogon hanci in kira shi, ya durƙusa ya taɓa, ya girgiza kai. Iska ba ta isar ƙirji a can, taku ashirin sai ka tsaya haki. Ƙafafuna suka jiƙe, suka daina ciwo, wanda kowa ya san ba alheri ba ne. Muka gama filin farko, muka gama na biyu, agogon hasumiyar dandali ya buga uku.

Sauran motocin suna garejin ƙarƙashin otal-otal. Muka nufi wani babba mai ginin dutse. Maigadin ƙato ne, da baƙar riga da abin magana a kunne.

"Ta baya ake kawo kaya," in ji shi, tun kafin mu buɗe baki.

"Ba kaya muka kawo ba, ɗana. Mota muke nema, an ɗaura mata sarƙa ba daidai ba."

"Ku kira mai ita."

"Da mun san mai ita da ka gan mu nan?" na ce. "Kai, bar ganin an sa maka waya a kunne. Bakinka na Puente Alto ne, unguwar talakawa irinmu, na ji shi. Uwarka ma suya take yi ko wanki, kada ka yi mini iyayi."

Ya ɗan yi kamar zai yi dariya, ya haɗiye. "Iya, in na bar ku kuka shiga, gobe ni ma suyar zan koma. Akwai na'urar hoto a kaina yanzu haka." Ya dubi Don Nibaldo da ke riƙe da hularsa a hannu, sai ya sassauta. "Ku daina wahalar da kanku. Duk mai sauka yau, tun uku da rabi yake jera motarsa a bakin shingen fita. Ku je can, za ta zo ta same ku."

Muka juya. A hanya muka wuce wasu motoci a gefen titi, na ga Don Nibaldo ya durƙusa a gaban wata fara sol, yana lalubar tayarta. Tayar nan ko sarƙa babu a jikinta, yaro ma zai gani daga nesa. Na tsaya ina kallonsa.

"Tsoho. Wane launi ne wannan?"

Ya ci gaba da lalubar tayar.

"Nibaldo, da kai nake."

"Ban sani ba, comadre." Bai tashi daga durƙuson ba. "Tun hunturun bara wani hazo ya sauko mini. Da gajimare ina lallaɓawa. In rana ta bugi dusa, shi ke nan, komai toka ne. Da safe na sa mutumin ya taka totur, na tsaya kamar mai kallo, wallahi ban ga komai ba. Hon ya hana ni jin ƙarar tayar. Ya ce mini, gaba ce mana, ka yi sauri. Segundo na taku biyar da ni. Kunya ta hana ni kiransa."

Na ji kamar in ɗauki hularsa in kwaɗa masa. Awa ɗaya da rabi muna bin motoci masu launin toka! Na ce, "Kunya? Kunyar uban wa? Ka gwammace ka binne yaran mutane da a ce idonka ya mutu?" Na faɗa, kuma har yau ban janye ba, ko da yake na ga yadda maganar ta shige shi. Ya dafa motar ya miƙe. Ya ce, "Zage ni a hanya. Ƙarfe nawa?"

Uku da minti ashirin da biyar.

Da muka isa, layin ya riga ya miƙe daga shingen fita har bayan ɗan cocin garin, ya fi mota ɗari biyu, wasu na ta ƙaruwa. Inuwar dutse ta rufe hanya, ruwan da ke kan kwalta ya fara ƙyalli, ina jin takalmina na zamewa. Daga wutsiyar layin muka faro. Na ce masa ya manta da launi, ni zan nemi dogon hanci, shi ya nemi ƙullinsa. Ya bi gefen motocin a sunkuye, hannu ɗaya a jikin ƙarfe, yana shafa kowace tayar gaba. Mutane na zuge gilas suna kulle ƙofa, wata mata ta ce a kira ɗan sanda, ɓarayi. Sau da yawa ya taɓa ƙullinsa, don rabin layin nan shi ya ɗaura musu, amma ƙananan motoci ne da gaba ke ja. Sau ɗaya na ga dogon hanci, na leƙa, ashe sarƙarta na baya daram.

Huɗu saura kwata, ba mu ci rabi ba. Na tattare siket na fara gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Na bar shi a baya yana lalube. Ƙirjina kamar an zuba barkono. Injuna suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe. Ina hango ɗan sandan shinge yana duba agogon hannunsa.

Ta shida daga gaba. Doguwa, mai dogon hanci, shuɗiya mai duhu. Sarƙa a gaba, baƙin tub da jelarsa a soke. Tayar baya tsirara.

"Nibaldooo!"

Na buga gilas. Mutumin ciki, wani mai furfura a gefen kunne da jar rigar sanyi, ya ɗaga mini yatsa alamar ba ya sayen komai. Matarsa na gefe tana goge wa wata yarinya hanci, namijin ya yi barci da hular wasa a kansa. Na sake bugawa. Ya sauke gilas kamar faɗin yatsa biyu.

"Yallaɓai, sarƙarka ba daidai take ba. Baya ke jan motarka. Kada ka sauka haka."

"Na hau da ita lafiya lau. Kuɗi kuke so a karo na biyu? Na san irinku." Ya zuge.

Don Nibaldo ya iso yana tangaɗi, gwiwarsa ɗaya ta jiƙe da jini, ashe ya faɗi a hanya. Daidai nan aka ɗaga shinge. Mota ta farko ta wuce, ta biyu ta bi ta. Bai tsaya magana da kowa ba. Ya zube a gefen tayar gaba, ya zura hannunsa na dama tsakanin ƙarafan tayar har kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa a jikin motar.

Na ƙwalla ihun da ban san ina da shi ba. Na faɗa kan bonet, ina dukansa da tafin hannu. Ta uku ta tafi, ta huɗu, ta biyar. Na ji injin ya ɗaga, motar ta ɗan motsa, wallahi ta motsa, na ga kafaɗar tsohon ta juya. Sai matar ta yi ƙara ta riƙe hannun mijin. Ya taka birki.

Ya fito kamar zai ci mu ɗanye. Bayanmu mota ɗari biyu na hon. Ɗan sanda ya taho da gudu, hannu a ƙugu. Don Nibaldo bai zare hannun ba. Daga ƙasan nan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni na ɗaura sarƙar nan da safe a kwana ta biyar. Kuskure na yi, ban ga tayar ba. A gwada ta. In gaba ke ja, ku kulle ni."

Ɗan sandan ya dubi tayar baya, ya dubi hanyar da ke ƙyalli a ƙasa, ya ce wa mutumin ya ja gefe. Sai a lokacin tsohon ya zare hannunsa. Aka hau da ita kan ƙanƙarar gefen hanya. "Ɗan taka totur," in ji Don Nibaldo, da muryarsa ta kullum. Tayar baya ta yi fiii, gindin motar ya goce gefe kamar taku guda, a wuri mai laushi ma, ba a gangara ba. Matar ta toshe baki da hannu biyu.

Fuskar mutumin ta yi fari, sannan ta yi ja. "Da ka kashe mini 'ya'ya!"

"Haka ne, yallaɓai."

"Sai na ga an kore ka daga hanyar nan!"

"Haka ne. Ɗan matsa, ka taka mini sarƙa."

Ya kwance, ya ja su baya, ya shimfiɗa, ya sa aka gusa, ya ɗaure. Minti bakwai ya yi, na duba agogo. Idonsa a rufe yake yawancin lokacin, yanzu da na sani sai na lura. Ya ja ƙullin sau biyu, ya ce wa mutumin giya ta biyu har ƙasa, kada ya taɓa birki a cikin kwana. Ɗan sanda ya nemi katin aikinsa, ya karanta, ya sa a aljihunsa. Motar ta shiga layi ta ɓace a kwanar farko.

Sai biyar da rabi mai gas ya gama sauke tukwanensa. Muka gangaro a hankali, gari ya fara shuɗi, sanyi na cizo. Yanzu ba sai ya ɓoye ba. "Comadre, ki zama idona. Gefe lafiya?" Lafiya. "Nan fa?" Lafiya. A ta ashirin da bakwai na ga wata shaidar taya ta karkace ta daki bangon dusa, na yi shiru har sai da na tabbata bangon bai fashe ba. Ya ji shirun. Ya damƙe mini hannu har ƙashina ya yi ƙara. Na ce lafiya, tsoho, sake ni.

Muna isa kwana ta biyar ya diro tun mota ba ta gama tsayawa ba. Segundo na tsaye a kan tulin sarƙoƙin da aka dawo da su.

"Shuɗiyar?" na tambaya.

"Ta wuce tun ɗazu, ni na kwance mata. Mijin ko kallona bai yi ba. Matar ce ta leƙo, ta ce in gaya wa tsohon sun sauko su huɗu."

Don Nibaldo ya laluba ya zauna a kan garwar maina. "Su huɗu ta ce?"

"Su huɗu."

Ya kifa fuska a tafin hannunsa masu bakin mai. Na juya na hau kankare kasko, don ni ma idona ya ciko, kuma ba na son Segundo ya samu abin faɗa.

Ranar Litinin aka aiko masa cewa zai iya zuwa ya karɓi katinsa, gargaɗi kawai za a yi masa. Bai je ba. An yi masa aiki a ido ɗaya a watan Maris, ya ɗan washe, amma likita ya ce shekara hamsin na hasken dusa ba tabarau ya ƙona abin da wuƙa ba ta gyarawa. Yanzu yana zaune a tsakar gidansa ƙarƙashin inabi, yana gyara wa Segundo sarƙoƙin da suka tsinke, yana yanka tub. Segundo ya koyi ƙullin, amma nasa kwancewa yake yi.

Gidansa na kan hanyata. Duk Asabar da Lahadi na hunturu, in na sauko da kaskona, ina tarar da shi a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa, ya kasa kunne yana jiran takuna. Ba ya gaishe ni, ba ya tambayar ciniki. Sai dai ya ce, "Comadre, kowa ya sauko?"